Bin Sawun Kakanni a Takardun Soja: Matsalar Suna da Iyaka a Kalmalo

Mai neman tarihin kakansa da ya tafi yaƙin Boma daga Kalmalo, a ƙaramar hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, yakan fara da suna. Wannan maƙala tana nuna cewa a gari irin wannan, da ke bakin iyaka, suna shi ne mafi raunin abin dogaro, kuma dole mai bincike ya tantance wace tuta kakan ya bi kafin ya doshi kowace ma'ajiyar tarihi.

Iyakar da ta raba ƙasar Gwadabawa da ta Birnin Ƙonni ta samo asali ne daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898, 1904 da 1906. Ta raba hukuma, amma ba ta hana auratayya da cin kasuwa da ƙaura ba. Don haka zuriya ɗaya tana iya samun ɗa a rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma, wani ɗan kuma a cikin sojan da Faransa ta ɗiba. Hanyoyin ɗaukar sun bambanta. Faransa ta kafa dokar aikin soja na tilas a 1919, inda ake tara samari a duba lafiyarsu, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya yi shekara uku. Myron Echenberg ya yi bayanin tsarin a littafinsa na 1991. A ɓangaren Ingila kuwa, sunan abin shi ne sa kai, ko da yake Razdan kan aika buƙata ga En'e, ita kuma ta sauke wa hakimi da dagaci. Wanda dagaci ya nuna da yatsa, da wuya a kira tafiyarsa son rai. Gudun ƙuri'ar Faransa ya sa mutane da dama suka ƙetaro Nijeriya, wasunsu kuma daga baya suka shiga sojan Ingila da sunan garin da ba nan aka yanke musu cibiya ba.

A nan matsalar suna take. Akawun bariki kan rubuta sunan mutum ya liƙa masa sunan gari ko ƙabila a madadin sunan uba. Ɗan ƙauye yakan ambaci babban garin da Bature zai gane, sai mutumin Kalmalo ya koma ɗan Gwadabawa ko ɗan Sakkwato a takarda. Ga kuma rubutu: Mamman kan zama Momo ko Momadu, Garba ya zama Garuba, Audu ya zama Awudu, a hannun Bafaranshe kuma Usman ya zama Ousmane. Sai a haɗa da al'adar sakaya suna, inda jikoki ba su san kakan da komai ba sai laƙabin da matansa da 'ya'yansa suke kiransa da shi. Wani ma da gangan ya sauya suna domin kada iyaye su biyo shi su fitar da shi. Sakamakon haka shi ne, mai binciken da ya sami sunan da ya yi daidai da na kakansa a wani jeri, ya yi murna ya rufe littafi, yana iya ɗaukar kakan wani ya kai gida.

Abin da ke warware wannan shi ne lambar soja. A Yaƙin Duniya na Biyu lambobin 'yan Nijeriya sukan fara da haruffan NA, kuma ana samun lambar a takardar sallama ko ta fansho, waɗanda galibi suna cikin adaka a ɗakin wata tsohuwa. Lambobin yabo na Yaƙin Duniya na Ɗaya suna ɗauke da suna da lamba a gefensu. Na yaƙi na biyu, irin Tauraron Boma, an raba su ba suna, saboda haka samun su a gida alama ce ta inda aka je kawai.

Da lamba da sunan bataliya ake shiga ma'ajiya. Runduna ta 81 da ta 82, waɗanda aka kafa a 1943, su ne suka yi yaƙi a kwarin Kaladan da Arakan, har suka kama Myohaung a Janairun 1945. Kundin ayyukan yau da kullum na bataliyoyinsu yana ma'ajiyar Kew a Ingila ƙarƙashin WO 172, shawarwarin ba da lambar yabo kuma a WO 373. Kundin ba kasafai yake ambaton ƙaramin soja da suna ba. Amfaninsa shi ne nuna inda ƙungiyarsa take a rana kaza, abin da za a gwada da labarin da tsohon ya bari. Wanda ya mutu can ba a san kabarinsa ba, ana neman sa a jerin hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, musamman bangon tunawa na Rangun da ke Taukkyan. Sai dai hukumar da kanta ta amsa a rahotonta na 2021 cewa an bar dubban 'yan Afirka na yaƙin farko ba a rubuta sunayensu ba, don haka rashin ganin suna ba ya ƙaryata maganar gida.

A Kaduna, fayilolin Lardin Sakkwato masu alamar SOKPROF su ne wurin neman wasiƙun ɗaukar soja da koke-koken mazan jiya, haka nan tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta riƙa buga wasiƙun soja. Idan kuwa tsofaffin gida suka ce kakan yana faɗin lambarsa da Faransanci, ko yana zuwa Ƙonni karɓar kuɗi, to hanya ta koma Yamai da ma'ajiyar takardun soja ta Pau a Faransa, inda ake nema da lamba da shekarar ɗauka da wurin da aka ɗauke shi.