Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Lambar Jirgi Ta Saɓa a Waya?

Tambaya daga wani mai karatu a Ɗan Barto: Hajiyarmu ta turo hoton jirgin da ya kwashe su zuwa Saudiyya, amma lambar da ke jikinsa daban take da wadda manhajar bibiyar jirage ta nuna mini. Ko jirgin wasu na kwana ina bi?

Malam, Allah ya dawo da Hajiya lafiya. Mai yiwuwa jirginta ka bi, lambar ce kawai aka rubuta ba daidai ba.

Kowane jirgi yana da lambar rajista a bayansa, kusa da wutsiya. Ta Nijar tana farawa da 5U, ta Najeriya 5N, ta Saudiyya HZ. To amma ba ita jirgi yake aikowa daga sama ba. Na'urarsa tana watsa inda yake, da tsayin da ya kai, da wata lamba mai gurbi shida daga cikin kason da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ba kowace ƙasa. Manhajoji irin su Flightradar24 da FlightAware sai su ɗauki wannan lambar su duba kundinsu, su ga wane jirgi ne. Nan gizo ke saƙar. In an sayar da jirgi ya koma wata ƙasa, ana sauya masa lambobin biyu, kundin kuwa yakan makara. Wani lokaci ma'aikacin da ya saita na'urar ne ya yi kuskure. Kason Nijar yana farawa da 062, na Najeriya 064, ka ga kuskuren gurbi ɗaya ya isa ya tsallakar da jirgi iyaka, kamar daga Ɗan Barto a Nijar zuwa Kongolam a Najeriya.

Lokacin Hajji abin ya fi yawa, domin kamfanoni suna hayar jirage daga wasu ƙasashe, kuma sukan sauya jirgi daf da tashi.

Shawarata, ka bi lambar tafiya, wadda ke rubuce a tikitin Hajiya. Kuma in jirgin ya ɓace maka a tsakiyar hamada, kada hankalinka ya tashi. Yawancin na'urorin da ke karɓar saƙonsa a ƙasa suke, a gidajen masu sa kai, kuma ba su da yawa a can. In shakka ta rage, kira wakilin da ya shirya tafiyar.