Darasi: Ɓarawon da ke ɓoye cikin waya

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau waya ta zama rumbu. Cikinta muke aje kuɗi, da hotuna, da lambobin dangi. To, yadda ƙwaro ke shiga rumbun hatsi, haka wani mugun abu ke shiga waya. Ana ce mashi birus.

Mi ne ne birus?

Birus ba cuta ba ce ta jikin mutum. Ɓarayi ne ke ƙera shi da kwamfuta, su aiko shi ta intanet. In ya shiga waya, sai ya ɓoye. Yana karanta saƙonni. Yana ganin lambar sirri lokacin da kake buga ta. Sa'an nan ya aika wa masu shi, su kwashe kuɗinka daga nesa.

Ga misali. A ƙarshen 2020 wani birus mai suna FluBot ya ɓullo a ƙasar Sifen, ya bazu cikin Turai har Ostareliya. Saƙo ne yake zowa, ya ce: an aiko maka kaya, taɓa nan ka gani. Wanda ya taɓa, ya yarda aka sa abin, birus ya shiga. Sai ya saci lambobin banki, kuma ya aika kansa ga mutanen da ke cikin wayar. A 2022 ƴan sandan ƙasashe 11 suka haɗa ƙarfi suka tsai da shi. Amma ire-irensa suna nan da yawa.

Ƙaƙa za mu tsare kanmu?

1. Saƙon da ya yi maka alkawarin kyauta ko kaya, kar ka taɓa shuɗin rubutun da ke cikinsa, ko da daga ɗan uwa ya fito. Kira shi ka tambaya.
2. Kar ka bari a tura maka manhaja daga wayar wani. Ɗauko ta daga Play Store.
3. Lambar sirrinka taka ce kai kaɗai. Kar ka rubuta ta cikin waya.
4. In kuɗi sun ragu ba ka san dalili ba, je ofishin kamfanin waya ranar nan, a canza lambar sirri. Kai ƙara wurin jandarmomi ko ƴan sanda. Tun 2019 Nijar tana da doka kan laifukan intanet.

Tambayoyi

Ta wace hanya birus ke shiga waya?
Mi yake sata?
Ku tattauna da malaminku, ku faɗa wa na gida.