Tsofaffin Kaya a Gyaran Ɗakin Sallah

Gyaran ɗaki na jajiberin Sallah yakan fito da kayan da aka daɗe ba a gani ba: kwallar jeren uwa, langa, tangaran, faifan da kaka ta saƙa. Nan ne aiki ke tsayawa, domin kowane kwano na tuno da mai shi. Ya kamata a fara kwana uku ko huɗu kafin Idi, don a sami sararin zama da wannan kewa ba tare da gaggawa ba.

Kwanon da ya fara tsatsa a wanke shi da toka da soso mai laushi, a shanya ya bushe sarai. Faifai da tabarmar kaba a kakkaɓe su kawai, ruwa na sa su fumfuna. Idan mai kayan ya rasu, abu ɗaya ko biyu nasa sun isa a jere, sauran a naɗe a adana, ko a ba 'yan uwa.

Yara su kasance a wurin, a gaya musu mai kowane kaya, a yi masa addu'a tare.