Yadda ake cika tankin sigarin lantarki da kula da shi a zafin Maraɗi

Wannan bayani na babban mutum ne wanda taba ta riga ta kama, yake neman hanyar rabuwa da ita. Wanda bai taɓa sha ba kada ya fara da wannan, domin akwai nikotin a ciki, kuma nikotin kama mutum take yi. Yaro da mace mai ciki kuwa ba a ma maganarsu.

Yawancin tankunan da ake nuna mini a nan Sabon Gari da sunan sun lalace, lafiyarsu lau. Mai sayarwa ya miƙa kwali ya karɓi kuɗinsa, bai yi bayanin komai ba, sau da yawa shi ma bai sani ba. Tun da Hon Lik, wani masanin haɗa magani ɗan ƙasar Sin, ya ƙera sigarin lantarki na zamani a 2003, daga birnin Shenzhen mafi yawan kayan ke fitowa, kuma takardar da ke cikin kwalin ba a rubuta ta don zafin watan Afrilu na Maraɗi ko ƙurar hunturu ba.

Ranar da ka saya, kwance tankin gaba ɗaya: bakin zuƙa, murfin sama, gilashi, gindi, da rezistans ta tsakiya, wadda 'yan Kano ke ce wa koyil. Dubi inda kowace 'yar roba take zaune, ka mayar. Gilashi na biyu da robobin canji da ke cikin kwali, adana su da kyau, samunsu a kasuwa aiki ne.

Yanzu ga inda ake tafka asara. A cikin rezistans akwai waya mai ɗaukar zafi, da auduga naɗe a jikinta. Audugar ce ke shan ruwan sigarin ta kai wa wayar. In ka danna wuta auduga tana bushe, ko na daƙiƙa biyu ne, ta ƙone ke nan, kuma babu wanki ko jiƙo da zai fitar da wannan ƙauri. Don haka kafin ka ɗaura sabuwar rezistans, riƙe ta a hannu ka nemi 'yan tagogin gefenta inda farar auduga ke leƙowa. Ɗiga ruwan sigarin ɗigo ɗaya a kowace taga, ka jira ya shige, ka ƙara, har farin ya dushe ya nuna ya sha. Ta sama ma ka ɗiga biyu ko uku a jikin audugar, kada su zuba cikin ramin. Sannan ka ɗaura ta, ka cika tanki, ka ajiye shi a tsaye minti goma cur. In ruwan mai kauri ne, ko kuwa safiyar sanyin Janairu ce, ƙara minti biyar. Masu ce maka minti ɗaya ya isa su ne ke sayen sabuwar rezistans duk bayan kwana uku.

Jiran ma ba shi ne ƙarshe ba. Zuƙa sau uku ko huɗu ba tare da ka taɓa maɓallin ba, don iska ta jawo ruwa cikin auduga. A jikin kowace rezistans an rubuta om ɗinta da iyakar wat ɗin da take ɗauka. In an rubuta 20 zuwa 28, fara da 20 ko ƙasa kaɗan, ka yi gajerun zuƙa, ka riƙa hawa sannu a hankali cikin yinin farko. Tsakanin zuƙa da zuƙa ba ta daƙiƙa goma zuwa ashirin ta sake sha. Zuƙa a jere babu hutu tana ƙona auduga ko da tanki a cike yake.

Cikawa abu ne mai sauƙi. Rufe ƙofar iska, buɗe murfi, zuba ta gefen gilashi, kada ka bari ko ɗigo ya shiga bututun tsakiya. Bar ɗan sarari a sama, ka rufe nan take. Kuma kada ka yarda ruwa ya sauka ƙasa da tagogin auduga.

Ruwan da kansa galibinsa haɗin abu biyu ne, za ka ga an rubuta PG da VG a kwalba. PG tsinkakke ne, VG mai kauri. Ƙaramar rezistans mai om 0.8 zuwa sama tana son rabi da rabi, babba mai ƙasa da 0.5 tana son wanda VG ɗinsa ya kai kashi 70. In ka zuba tsinkakke a babba sai ya tsiyaye, in ka zuba mai kauri a ƙarama sai ta kasa sha ta ƙone. Babbar kuma kada ta wuce nikotin miligiram 3 ko 6. A Tarayyar Turai doka ta tsayar da nikotin a miligiram 20 cikin kowace mililita, amma kwalabe masu 50 suna yawo a hannun mutane, ni kam ba na ba kowa shawararsu.

Yoyo shi ne kukan kowa daga Maris zuwa Mayu. Idan zafi ya haura digiri 40, ruwa yana tsinkewa kamar man gyaɗa a rana, iskar cikin tanki kuma ta kumbura ta tura shi waje. Kada ka bar shi cikin mota, ko a kan babur, ko kwance a aljihu. A tsaye, a inuwa. Mai yawan zirga-zirga a kabu-kabu tsakanin gari da Tibiri ko Jiratawa, ya nemi tanki mai shan iska ta sama, irin Zeus na GeekVape, shi na fi amincewa da shi a wannan yanayi. In kuma yoyon bai tsaya ba, duba robobi. Matse gindi da ƙarfi yana tsaga su, ɗaurin yatsa biyu ya isa.

Wanki sau ɗaya a mako, ko duk lokacin da za ka canza ɗanɗano. Cire rezistans ka ajiye gefe, sauran ka jiƙa su a ruwan ɗumi mai tsabta, ka ɗauraye, ka shanya a ɗaki ka rufe da tsumma mai tsabta don ƙura. Ban da omo, ban da fetur, ban da kananzir. Goge mahaɗar tanki da batir da busasshen ƙyalle. Bakin zuƙa kuwa kullum za ka wanke shi, kuma naka ne kai kaɗai. Zagaya shi baki zuwa baki a fada wajen shayi hanya ce ta ɗaukar tari da mura.

Rezistans takan yi mako ɗaya zuwa biyu. Ruwa mai zaƙi da duhu yana cinye ta da wuri. Da ka ji ɗanɗano ya mutu ko ƙauri ya soma, yar da ita. Kuɗinta jika ɗaya ne da wani abu, wani lokaci biyu, ya danganta da hannun da ta biyo, kuma tun rikicin rufe iyaka na 2023 kayan da ke zuwa ta Jibiya da Ɗan Isa ba kullum ake samu ba, don haka sayi fakiti ka ajiye. Jabu sun yi yawa. Manyan kamfanoni irin Vaporesso da Voopoo suna manna lambar kankarewa a kwali, ka kankare ka duba ta a shafinsu na intanet.

Gargaɗin da ba na gajiya da shi: kada ka zuba komai a tanki in ba ruwansa ba. Ba turare, ba zuma, ba man zaitun, ba man habbatussauda. Huhu ba ya iya fitar da mai. A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, mutum 2,807 aka kwantar a asibiti, 68 suka mutu, kuma bincike ya ɗora laifin a kan wani man bitamin E da aka gauraya a ruwan wiwi na bayan fage.

Batir, musamman 18650 mai cirewa, in rigarsa ta yage a daina aiki da shi. Kada ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi a aljihu. Kada ka kwana kana cajinsa, kuma in Nigelec ta ɗauke wuta zare shi, don dawowarta takan zo da ƙarfi. Danna maɓalli sau biyar ka kashe sigarin kafin ya shiga aljihu.

Kwalbar ruwa kuma sai a kulle ta a akwati, nesa da hannun yara. Ƙamshin mangwaro da alewa take yi, kuma kurɓi kaɗan na iya halaka ƙaramin yaro. In ta faru, kada a tsaya ba shi madara ko sa shi amai, a ruga da shi asibiti mafi kusa, a tafi da kwalbar don likita ya ga adadin nikotin da ke ciki.