Mu Koyi Turanci: Kalmar "Take" Mai Fuska Da Yawa



Kwanan baya wata ɗalibata a Islamiyyarmu ta nan Gwadangaji ta dawo daga asibiti a Birnin Kebbi da kwalbar maganin ɗanta. A jiki an rubuta "Take 5ml three times daily". Ta ce, "Malama, ba ɗauka ake nufi da take ba? To in ɗauka in kai ina?"

'Yar'uwa, take tamkar "ci" take a Hausa. Ana cin tuwo, ana cin jarrabawa, ana cin bashi, ana cin kasuwa, amma tuwon kaɗai ake haɗiyewa. Abin da ya biyo bayan kalmar shi ke fayyace ma'anarta:

1. Take medicine: sha magani.
2. Take him to the hospital: kai shi asibiti.
3. Take a seat: zauna.
4. Take off his shirt: cire masa riga.
5. Take his temperature: auna zafin jikinsa.
6. Take care of him: kula da shi.

Ke nan a ba yaron mililita 5, sau uku a rana, da ma'aunin da ya zo da maganin, ba da cokalin tuwo ba. "Take after meals" kuwa, a sha bayan an ci abinci. "Do not take", kada a sha.

In kin yi kokwanto, ki tambayi mai ba da magani kafin ki bar wurin. Lafiyar yaro amana ce, kuma matambayi ba ya ɓata.

Aikin gida: ki duba kwalin magani ɗaya a ɗakinki, ki fassara jimlar da take ta fito.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.