Ibn Batuta da Ƙasar Duhu

An haifi Ibn Batuta a birnin Tanja, cikin ƙasar Maroko, a shekarar 1304. Yana da shekara 21 ya bar gida zuwa aikin hajji. Da ya sauke farali bai koma gida ba. Ya ga Masar, ya ga Bagadaza, ya shiga jirgin ruwa har gaɓar Afirka ta gabas. Duk ƙasashen nan na rana ne da zufa.

Bayan shekaru da yawa, ya ƙetare Baƙin Teku, ya sauka wurin wani sarki musulmi mai suna Uzbak. A can ya ji labarin arewa. An ce masa akwai wani gari, Bulgar, a bakin kogin Bolga, cikin ƙasar Rasha ta yau, inda dare yake gajere ƙwarai da bazara. Ya ce ya je garin cikin watan azumi. Suna cikin buɗa baki aka kira lisha. Suka yi lisha da asham, ba a jima ba sai alfijir ya keto. Masana da yawa na yau suna ganin bai kai Bulgar ba, labarin ya ji a bakin fatake.

Amma abin da ya fi jan hankalinsa yana gaba: Ƙasar Duhu. An ce masa daga Bulgar tafiyar kwana 40 ce. Babu itace, babu dutse, babu gida, sai ƙanƙara. Ƙafar mutum ba ta kama ƙasa, kofaton doki ma zamewa yake yi. Kare kaɗai ke iya tafiya, don yana da farce. Saboda haka karnuka ke jan ƴan amalanke, huɗu huɗu. Na gaba shi ne jagora, ya san hanya kamar madugun ayarin Bilma. A wancan zamani, an ce kuɗinsa yana kai dinari 1000. In an tashi cin abinci, karnuka ake fara ba. In ba haka ba, jagora ya yi fushi, ya gudu, ya bar ubangidansa ya halaka.

Cinikin ƙasar a wancan zamani ma, yadda aka ba shi labari, abin mamaki ne. Fatake su ajiye kayansu, su koma zango. Da safe su tarar da fatu masu gashi kusa da kayan. Wanda ya yarda ya ɗauki fatun. Wanda bai yarda ba ya bari, sai a ƙara masa. Mai saye da mai sayarwa ba su ganin juna.

Ibn Batuta ya so ya je. Ya auna guzuri, da itacen wuta, da karnuka. Ya ga wahala ta yi yawa, riba kaɗan. Sai ya fasa.

Sanyi kuwa bai ƙyale shi ba. Da ɗari ya same shi a hanya cikin ƙasar Uzbak, ya sa rigunan fata uku, da wando biyu, da takalma uku, wani kan wani. In ya yi alwala, ruwa ya daskare a gemunsa. Kaya suka yi masa nauyi, har sai abokansa sun ɗora shi bisa doki.

A 1353 ya zo Takadda, garin jan ƙarfe, a yankin Agadas. Daga nan ya koma Maroko, inda aka rubuta labarin tafiyarsa.

Tambayoyi
1. Don me doki ba ya iya tafiya a Ƙasar Duhu?
2. Me ya hana Ibn Batuta zuwa can?
3. Shekararsa nawa sa'ad da ya zo Takadda?
4. Ku nemo Tanja, da kogin Bolga, da Agadas a kan taswira.