Gurɓatar Ƙasa da Tallafin Gwamnati a Ƙasar Hausa: Nazari Daga Bagega Zuwa Tudun Wadar Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda tallafin gwamnati ya ceto garin Bagega daga gubar dalma, tare da nazarin tunanin Bahaushe game da lalacewar ƙasa, da abin da hakan ke nufi ga unguwanni irin Tudun Wadar Zariya.

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, wurin da mutane suka ɓata ba abin gudu ba ne ga manomi. Juji taki ne, kufai kuwa gona ce mai albarka, domin ƙazantar da aka sani ruɓewa take yi ta koma ƙasa. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta wari, ido kuma ba ya rarrabe ƙurarta da sauran ƙura. Kalmar “gurɓata” ma ta fi dacewa da ruwan da aka dama, wanda kowa ke ganin laka a cikinsa, ga shi kuma yana kwantawa in an bar shi. Ƙasar da dalma ta shiga ba ta kwantawa.

2.0 Abin da Ya Faru a Zamfara

A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da Abare da 'Yargalma. Tsadar zinariya ta sa mutane kawo duwatsu cikin gida, ana daka su a turmi, ana niƙa su a injin niƙan hatsi, alhali duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Kimanin yara 400 suka rasu.

Maganin fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaro zai koma gidan da ya ɗauko ta. Saboda haka sai an fara kankare saman ƙasar gida, a kwashe a binne a rami na musamman, a zubo sabuwa, sannan likita ya sa hannu. Da taimakon kamfanin TerraGraphics na Amurka aka tsabtace ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin Gwamnatin Tarayya. An yi alkawarin Naira miliyan 850 a 2012, amma ba a saki kuɗin aikin ba sai farkon 2013, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, bayan matsin lambar Human Rights Watch da matasan Follow the Money. Duk tsawon jiran nan yaran garin ba su sami magani ba. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a Shikira ta Jihar Neja.

Aibin tsarin a fili yake: kuɗin na agajin gaggawa ne, ana sakinsa bayan an yi jana'iza. A Amurka, hukumar kare muhalli tana da shiri tun 1995, wanda doka ta ƙarfafa a 2002, inda ƙaramin gari ke neman tallafin auna ƙasar tsohuwar masana'anta da gyara ta, a mayar da ita kasuwa ko gidaje. Nijeriya na da Asusun Muhalli tun 1981, sai dai an fi saninsa da aikin zaizayar ƙasa da ambaliya.

3.0 Tudun Wada

Ba a haƙar zinariya a Tudun Wada, amma akwai jujin da ya sauya hali. Da can toka ce da kashin dabbobi. Yanzu har da matattun batura da tarkacen kayan lantarki. Manoma na sayen wannan shara a matsayin taki bisa tsohuwar fahimta, masu lambu a bakin Kubanni kuma na ban ruwa da abin da magudanun gari suka zubar. Wannan bai tabbatar da cewa ƙasar ta kai matsayin ta Bagega ba. Awo ne kaɗai zai nuna, kuma awon ne tallafin ya kamata ya fara biya.

Aikin masana Hausa a nan shi ne samar da kalmomin faɗakarwa. Cewa “gubar dalma” kawai ba zai tsorata uwa ba, tunda kwallin gargajiya da take sa wa jariri sau da yawa dutsen dalma ne, kuma ta gaji amfani da shi daga kakanni a matsayin ado da maganin ido.